Giɓin Katangar Inna

Ba Inna ce ta kira ni ba. Ɗan maƙwabtanmu ne, yaron da na bari yana rarrafe lokacin da na bar Zariya, yanzu har da gemunsa. Da asubar wata Talata, ana tsakiyar marka, ya bugo. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, kada hankalinka ya tashi, Inna tana gidanmu a ɗakin Iya, ko ƙwarzane ba ta yi ba." Duk wanda aka fara wa magana da kada hankalinka ya tashi, ai an riga an tayar masa. Sai da na daka masa tsawa sannan ya ce katangar da ta raba gidanmu da nasu ce ta zube cikin dare, ta danne madafa.

Kafin azahar na tura kuɗi. Abin da na saba ke nan shekara da shekaru: a kira ni, in tura, in kwanta ina jin na sauke nauyi. Washegari Inna ta aiko a ce ta gode, Allah ya yi albarka, amma ba wanda zai aza bulo ko ɗaya sai na zo da ƙafata. Na ce aiki ya yi mini yawa. Ta ce ita ma ba sauri take yi ba, dama ba a gini da damina. Kusan wata uku muna wannan ja-in-ja, daga ƙarshe ta kayar da ni kamar yadda ta saba.

Ranar wata Alhamis a farkon Nuwamba, yara suna hutun tsakiyar zango, na ɗauki ɗiyata mai shekara tara muka nufi tashar Unguwa Uku. Uwarta Bakanuwa ce 'yar cikin badala, har bakin ƙofa ta biyo mu tana ja wa yarinyar kunne: "Ki dawo mini da Hausarki yadda kika tafi da ita. In na ji kin ce rigan ko motan, can za ki koma." Shekara goma sha biyu ina shan irin wannan a gidana. A tasha ma ban tsira ba. Ina cewa "Zariya, mutum biyu," direban ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, fate ya yanke a Kano ke nan, za a je gida a sha." Na ce masa ranar da aka raba wa Hausa Bakwai aiki, baba aka miƙa wa Kanawa su je su yi rini, shi ya sa har yau ba sa iya barin magana da launinta na gaskiya. Mota ta kwashe da dariya, wani dattijo ya matsa ya ba yarinyar gefen taga.

Hanyar ba baƙuwata ba ce, amma na daɗe ban kalle ta ba, don a 'yan shekarun nan in ma na bi ta, kaina a kan waya yake. Wannan karon tambayoyin yarinya suka hana ni. A Kura ana yankan shinkafa, an shanya ta a kan tamfol har bakin kwalta. Ta ga magudanan ruwa na Kadawa ta ce kogi ne, na ce ruwan Tiga ne aka jawo don noman rani. Rumfunan 'yan tumatir na Kwanar Gafan ba su cika ba tukuna, lokacinsu bai yi ba. Daga Kwanar Ɗangora ƙasa ta fara sauya fuska, itatuwa suka yi yawa, ga ɗorawa ga kaɗanya ga mangwaro, karan dawa ya yi tsawon da ba ya yi a wajen Kano. A Tashar Yari direba ya tsaya shan mai, masu rake suka yanyame mu. Na saya mata gaɓa uku da curin mazarƙwaila guda. Ta gatsa ta ce ai wannan ya fi alawa. Na ce kada ta faɗa a gaban uwarta.

Bazazzagi ba ya jiran allon gefen titi ya gaya masa ya iso. Rimi ne allonsa. Da ka fara hango su sun yi tsaye sun fi kowace bishiya, ka san gida ya matso. A cikin birni ma da su ake kwatance, Rimin Tsiwa, Rimin Doko, ko da rimin ya faɗi sunan yana nan.

A Kwangila muka sauka. Ƙarƙashin gadar nan ba ya taɓa yin shiru: ɗalibai da jakunkuna suna neman motar Samaru, masu jinya da filas da tabarma za su asibitin Shika, 'yan kamasho suna kiran Funtuwa, Gusau, Sakkwato. Muka shiga Keke. Na ce wa yarinyar ta buɗe ido, domin Zariya garuruwa ne da aka ɗinke wuri ɗaya, kuma kowanne da halinsa. Samaru ta jami'a ce, tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta, bayan layin dogo ya ratsa ta nan zuwa Kano a 1911, ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Tudun Wada kuma Turawa suka ware wa baƙin da suka zo daga sauran garuruwan Arewa. Birni shi ne na 'yan gari, kuma har yau mutanen birni in za su PZ ta Sabon Gari sai su ce za su fita waje. Muka tsallake Kubanni, ruwan ya ja baya, masu lambu har sun fara gyaran fadama.

Da muka zo mararrabar da ke zuwa Gaskiya na sa mai Keke ya rage gudu. A wannan maɗaba'a, wadda aka kafa a 1945, mahaifina ya yi aiki har ya yi ritaya, a sashen haɗa littafi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta girme ta, tun 1939 ta fara fita a nan Zariya, kuma Baba bai taɓa barin Bakano ya manta da haka ba. Kullum da yamma yakan dawo a kan Raleigh ɗinsa, hannunsa na warin gam, da guntayen takardu ɗaure a bayan keke. Da su yake ɗinka mana littattafan rubutu. Amininsa kuma maƙwabcinsa maɗinkin babbar riga ne. Mutanen unguwa sukan ce allura biyu ke riƙe da layinmu, ɗaya tana ɗinka riga, ɗaya tana ɗinka littafi.

Muka shiga ta Ƙofar Doka, muka bi ta Babban Dodo, muka saki kwalta muka faɗa lungu. Daga nan sai ƙafa. Tsakanin inda Keke ya ajiye mu da zaurenmu bai fi taku ɗari biyu ba, amma sai da muka ci rabin awa. Mai shago ya fito, liman ya tsayar da mu, wata tsohuwa mai ƙosai ta kama hannun yarinyar tana juya fuskarta ta ce, "Yarinyan nan kakanta ta ɗauko, kaf." Yarinyar ta dube ni, na kau da kai.

Na shiga gida da sallama, na durƙusa na gaishe da Inna. Ta amsa ba tare da ta ambaci sunana ba, ni ne ɗan fari, ba ta taɓa faɗinsa ba. Ta jawo jikarta ta rungume, ni kuwa ta nuna mini tabarma. Sai da na sha ruwa sannan na juya na kalli ɓarnar.

Inda katanga take a da, an kafa zana, an tokare ta da itace da tsofaffin kwanon rufi. An kwashe ƙasar an tara gefe guda. Madafa babu ita, an girka murhu a gindin bishiyar lemo. Abin da ba a gaya mini a waya ba shi ne ɗakin Inna. Katangar ta tafi da kusurwarsa ta yamma, an toshe ramin da buhuna da leda. Wannan kusurwar na san ta, nan kan gadonta yake tun ina yaro. Na tsaya ina kallo, ƙafata ta ƙi ɗaukata.

A tsakiyar zanar kuma an bar wata 'yar kafa, faɗin mutum ɗaya, daidai inda giɓin yake a tsohuwar katangar.

Wanda bai tashi a cikin birni ba sai an yi masa bayanin wannan giɓi. A zamanin da iyayenmu mata suke cikin kulle, mace ba ta fita ta zaure da rana. Amma haihuwa ba ta jiran dare, gishiri ma in ya ƙare ba ya jira. Sai magidanta da suka amince da juna su bar wata 'yar hanya a katangar da ta raba su, can ciki wajen mata, inda idon mai wucewa ba ya kaiwa. A layinmu, lokacin da nake yaro, mace tana iya ratsa gida biyar ba ta taka titi ba. Ta nan garwashi yake bi da safe, ta nan ake aron rariya da taɓarya, ta nan ungozoma ke shigowa da tsakar dare. Mu yara kuwa ta nan muke gudu in an ɗauko bulala, ko da yake ba ta da amfani, domin Iya ma tana da tata kuma ba ta tambayar laifin.

Ba a jima ba sai ga Iya ta ɓullo ta kafar, ta sunkuya, da langa a hannu. Fate ne, na tsakin masara, ya sha yakuwa da gyaɗa, yana tururi. Na tuna direban Unguwa Uku na yi murmushi ni kaɗai. Yarinyar ta fara da ɗan yatsina, ta ƙare da suɗe kwano.

Bayan isha'i Iya ta ba ni labarin daren. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ita barcinta ba nauyi gare shi ba, wajen ƙarfe ɗaya ta ji katangar tana wani irin nishi, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan kamar ana tankaɗe. Ta ɗauki tocila ta bi ta giɓin cikin ruwa, ta buga wa Inna ƙofa. Inna ta ce ba inda za ta, katangar da ta yi shekara sittin ba yau za ta faɗi ba. "Na ce mata, Hajiya, in ba ki taso ba zan kwanta a nan ta danne mu tare, a ce ke kika kashe ni." Da haka ta fito da ita. Ba su gama shanya zannuwansu a ɗakin Iya ba suka ji rugugi. Kafin gari ya waye samarin layi sun fito da shebur da kwandon kai, mai unguwa ya aiko da zana, wani ya kawo azara, mai shago ya ba da leda ya ce kada a yi masa maganar kuɗi. Lokacin da saƙon bankina ya shigo, an riga an gama, ana wanke hannu.

Inna tana gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

Da safe na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na ga maganin hawan jininta saura kwana biyu, na ga zanin da ke jikinta na san shi tun bikin ƙanwata, sai na tambaye ta, cikin ladabi a ganina, ina kuɗin da nake turowa duk wata suke tafiya. Ba ta yi fushi ba. Ta tashi ta ɗauko wani littafi daga ƙasan adaka, irin wanda Baba yake ɗinkawa, bangonsa ya yi baƙi da hannu. Inna ba ta yi boko ba, da ajami take rubutu, ni kuma ajamina ya yi tsatsa, sai ta karanta mini. Kaza na ɗan ga-ruwa, domin famfon gidan ya manta rabon da ya ɗiga. Kaza na magani. Kaza gudummawar biki, gida kaza. Kaza an cika wa jikar Iya kuɗin jarrabawar fita sakandare. Kaza ranar da matar ɗan ga-ruwan ta haihu aka riƙe ta a asibiti. Buhun masarar da na aiko da azumi, an raba shi uku.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Inna, ni don ke nake turowa. Ba unguwa na ɗauka ba."

Ta rufe littafin. Ta ce, "Kuɗinka ya taɓa ɗaukar mini bokiti? Ya taɓa goya ni a babur zuwa asibiti ya zauna a layi tun asuba? Ranar da jiri ya kayar da ni a bayan gida, kuɗinka ne ya ji faɗuwata?" Ta buɗe littafin ta baya, ashe can ma akwai rubutu, ya ma fi na gaba yawa. Abin da ya shigo ne. Kwanon tuwo ba ya shiga lissafi, in ji ta, don da za a rubuta shi da takardun Gaskiya duka sun ƙare.

Na fita zaure don in sha iska, sai na tarar da yarinyar ta riga ni, amma a zauren maƙwabta. Baba maɗinki ya tsufa, ido ya yi rauni, ya bar allura, amma yana nan a kan buzunsa yana duba aikin 'ya'yansa da yatsa. Su huɗu ne zaune a bakin ƙofa inda haske yake, kowa da shadda a kan gwiwa. Aska takwas suke yi wa wani mai sarauta. An riga an zana fasalin a jikin yadin, asaken sun sauko daga wuya dogaye masu tsini ta gefen aljihu, ga tambari ya naɗe a ɗaya ƙirjin, ga gidan biyar. Babban cikinsu yana huda ƙananan ramuka yana zagaye kowanne da zare, ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, ba wanda ya fi wani girma. Allurar tana shiga tana fita, idonsa ma ba a kanta yake ba, yana sauraron rediyo. Yarinyar ta tambaya yaushe za a gama. Ya ce in Allah ya yarda kafin azumi. Ta zaro ido. Baba ya miƙa hannu ya shafa wani layi, ya tsaya, ya ce, "Warware nan. Ka ja zaren da yawa, in an kai wajen bugu zai tattare." Saurayin bai yi musu ba ya fara warwarewa.

Suna kuka da keken kwamfuta, wanda yake fitar da irin wannan zane a yini ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Baba ya ce wanda ya san riga daga nesa yake gane ta hannu, tana da nauyi, tana zama a kafaɗa. Amma masu sanin suna raguwa. Ya juyo wajena ya ce, "Ka san uwarka ta fi waɗannan duka hannu?" Na sani, amma na manta. A birnin Zariya mata da yawa suna wannan ɗinki daga cikin gida, a kai musu aljihu ko wuya su cika, a biya su. Na Inna ta giɓin yake shigowa, a naɗe cikin tsumma, ya koma ta nan. Da kuɗin wannan allura aka saya mini takalmi da akwati shekarar da na shiga makarantar Alhudahuda.

Bayan an sauko daga Juma'a na ja yarinyar muka bi ta ƙofar Fada, ta tsaya tana kallon zanen da ke jikin ginin, launi a kan launi. Na gaya mata ni tun da aka haife ni sarki ɗaya na sani, Shehu Idris, wanda ya hau a 1975 ya rasu a 2020, shekara 45. Bayansa aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli, sarauta ta koma gidan Mallawa bayan kimanin shekara ɗari. A Zazzau gida huɗu ke sarauta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, shi ya sa zancen gadon sarauta ba ya ƙarewa a majalisun birni. Ita dai ba wannan ya dame ta ba, ganuwar Sarauniya Amina take son gani, an koya musu a makaranta. Na kai ta wajen Ƙofar Gayan. Ta dubi abin da ya rage, tudun jar ƙasa da ciyawa a kai, awaki suna hawa, wani wuri an haƙe an ɗebi ƙasar gini, wani wuri gida ya hau kai. Ta ce, "Baba, wannan ce?" Na ce ita ce. Na nuna mata Dutsen Kufena can nesa cikin hazo don in rage mata takaici. Daga nan muka wuce maƙabarta muka yi wa Baba addu'a.

Da la'asar magini ya zo, tsoho ne, shi ya yi wa gidan yaɓe na ƙarshe. Ya ɗebi ƙasar da ta zube ya murza a tafinsa ya ce ƙasar ba ta da laifi. Ginin tubali yana shekara ɗari in ana kula da shi, amma yana son a duba shi duk bayan damina, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake yaɓe, mai hali ya sa makuba. A da ba a biyan kowa don wannan, gayya ake yi, yau gidan wane gobe gidan wane, mai gida ya dama kunu. Ya tambaya yaushe rabon a yaɓe wannan katangar. Inna ta ce, "Tun mai gidan yana da rai." Ba ta dube ni ba, amma kowa ya san inda maganar ta sauka. Sannan ta sassauta, ta ce in masallacin da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu ya gaji, wace ce katangarta. Kowa ya yi shiru, domin ba wanda ya manta Juma'ar nan ta watan Agustan 2023 da wani sashe na babban masallacin ya rufto ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Magini ya ce tun daga ranar mutanen birni suka tsorata da ginin ƙasa, kowa bulo yake nema.

Bulo muka tsayar, ba a yi gardama a kansa ba. Gardamar a kan giɓin ce.

Ni na zo da tsarina tun daga Kano: katanga doguwa, a shafe da siminti, a jera fasassun kwalabe a kai, ba kafa ko ta ɓera. Kuma ba don rashin hankali ba ne. Zamani ya sauya, an sha haura gidaje a ɗauke waya da tukunyar gas, tsohuwa ce ita kaɗai. Sauran giɓoɓin layinmu duk an toshe su, wani gidan an raba gado an sayar, wani an zuba 'yan haya da ba wanda ya san asalinsu. Ko a da ɗin ma, giɓin ba alheri kaɗai yake ɗauka ba. Gulma ta bi ta nan, kaji sun bi ta nan sun ci shanya an yi faɗa. Akwai shekarar da Inna da Iya suka yi wata bakwai ba sa magana a kan abin da ba wanda ya tuna yanzu, aka jingina turmi da tsohuwar tabarma aka rufe hanyar. Sai dai ko a lokacin tuwon dare bai fasa ƙetarawa ba, mu ake ɗagawa mu miƙa ta sama.

Da na ga ba zan ci ba, na ce to a sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kowane gida ya riƙe mabuɗi. Baba maɗinki, wanda aka riƙo hannunsa ya shigo, ya ce, "Ɗana, da akwai kwaɗo a daren nan, Iya tana laluben mabuɗi cikin duhu, da ba gini ka zo yi ba. Da zaman makoki ka zo." Ban sake magana ba.

Ranar Asabar tun da sassafe aka sauke bulo a bakin titi, domin mota ba ta shiga lungunmu. Ban kira kowa ba, leburori biyu na yi ciniki da su. Kafin in ankara samari sun yi layi daga titi har tsakar gida, bulo yana tafiya daga hannu zuwa hannu. Ɗan ga-ruwa ya juye kura uku a durom ya ƙi karɓar ko sisi. Maɗinkan nan huɗu suka ajiye allura, Baba yana yi musu faɗa kada siminti ya ci musu yatsu. Na tuɓe riga na shiga layin, bulo na goma sha wani abu tafin hannuna ya yi ƙulu, wani yaro ya ce, "Yaya, koma inuwa, hannun biro ne." Mata suna can sun ɗora tukunyar dambu a gidan Iya, kunun tsamiya a gidanmu, kwanuka suna kaiwa da komowa ta inda aka cire zanar.

Da gini ya kawo daidai wurin, magini ya tsaya ya ce nawa za a bari. Na ce faɗin mutum ɗaya kamar da. Iya ta ce a'a, na da ya matse, kullum sai ta karkata tire, miya tana zuba. Ta shiga ta ɗauko babban tirenta na biki, ta riƙe shi a gaba da hannu biyu, gwiwar hannu a buɗe, ta tsaya a wurin. Magini ya auna daga wannan gwiwa zuwa waccan, ya ƙara ɗani ɗaya. Aka yarda a sa ɗan guntun ƙyaure na kwano iya gwiwa saboda awaki, da igiya a maimakon sakata. Kwalaben da na sa aka tara mini suna nan a buhu, Inna ta ce a ba mai manja.

A daren yarinyar ba ta kwana a gidanmu ba. Na neme ta bayan isha'i, Inna ta nuna giɓin da haɓa. Na leƙa na gan ta a tsakiyar jikokin Iya, an ba ta ƙyalle da allura, tana ta fama da zare, harshe a waje.

Lahadi da hantsi muka yi sallama. Na bar wa magini kuɗin gyaran kusurwar ɗakin da na sabuwar madafa, na bar wa Inna na wata, ban ce mata ga yadda za ta yi da su ba. Ta sa mana daddawa da kuka da tsakin masara, Iya ta ƙara da ƙullin yakuwa busasshiya ta ce a kai wa Bakanuwa ta koyi abinci. Ɗan maƙwabtan ya kai mu Kwangila a babur, mu uku da buhu, ya ƙi tafiya sai da ya ga mun sami wuri.

Muna zaune ana jiran mutum ɗaya, direban, wani Bakano mai hula a karkace, yana ta kiran Kano, Kano. Wata mata ta shigo da yaro a baya. Yarinyar ta taɓa ni ta ce da ƙarfi, "Baba, motan ya cika."

Direban ya juyo a hankali ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Kwana nawa ta yi?"

Na ce uku.

Ya girgiza kai ya tayar da mota.